Zaɓen Bishiyoyin da Za Su Maye Gurbin Darbejiya a Katangar Kare Iska

A cikin shekarun 1980, wani ƙaramin ƙwaro mai ɓawo, wanda asalinsa daga nahiyar Asiya yake, ya auka wa darbejiya a yankin Tafkin Chadi, daga Borno har gabashin Nijar da arewacin Kamaru. Yana manne wa ganye da reshe yana tsotse ruwansu, ganyen ya yi rawaya ya zube, reshen ya bushe tun daga sama. Ɓarnar ta yi muni ne saboda a wurare da yawa darbejiya kaɗai aka shuka, don haka ƙwaron da ya kama bishiya ɗaya ba shi da abin da zai tare shi har ƙarshen layi.

Giɓin da ya samu a katangar bishiyoyi, wato layin bishiyoyin da ake shukawa don tare wa gona iska, ya fi yadda ake zato illa, domin iska takan matsu ta wurin ta fito da ƙarfi, ta kwaso rairayi ta binne geron da bai daɗe da tsirowa ba. Amma kafin a tumɓuke komai, ya kamata a kankare ɓawon gindin da wuƙa; idan cikinsa ɗanye ne, a sare busassun rassan a ƙone su, darbejiya tana tohuwa.

Inda ta mutu kuwa, kada a sake cika layin da iri ɗaya. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, inda aka fara dasa layukan darbejiya a 1975, daga baya an haɗa ta da bagaruwa, kuma wannan dabara ce mai kyau. Bagaruwa tana da rassa tun daga ƙasa, tana toshe ƙasan katangar inda doguwar bishiya ke barin iska ta wuce, ga kuma 'ya'yanta da majema ke saye. Aduwa da kurna suna jure fari kuma suna riƙe ganyensu, sai dai aduwa tana da jinkirin girma, don haka mai dasa ta sai ya yi haƙuri.

Gawo yana buƙatar tunani. Babu manomin da bai san amfaninsa a cikin gona ba, amma yana zubar da ganye ne da shigowar damina, daidai lokacin da guguwa ke tasowa gabanin ruwa, saboda haka ya fi dacewa da tsakiyar gona fiye da layin tare iska. Itacen turare kuma yana saurin tsayi, amma saiwoyinsa suna shanye damshin amfanin gonar da ke kusa da shi.

Wajen sayen dashe, a juya ganyen kowane ɗaya a duba bayansa, domin da dashe ne ake kai irin waɗannan ƙwari gonar da ba su taɓa shiga ba. A jira ruwa ya zauna kafin a dasa, sannan a kewaye kowane dashe da ƙaya har ya fi ƙarfin awaki.