Fodkas: Me ya sa Kano ta ƙi ɗigon shan inna, me ya sa ta dawo ta karɓa?

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau muna kan ilimin zamantakewa, da yadda yake bayanin turjiya idan an zo wa al'umma da sabon abu. Muna tare da Malam Sani da Dakta Bilkisu. Malam, a 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a ci gaba ba sai ƙarshen Yulin 2004. Wasu suka ce jahilci ne kawai.

Malam Sani: Wannan amsar ta ragwaye ce, Hadiza. Cikin waɗanda suka jagoranci turjiyar har da likita, Dakta Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'a. Masanin zamantakewa yakan fara da tambayar abin da mutane suka gani a baya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Sai kuma ga yaƙin Iraƙi a 2003, wanda ya ƙara wa jama'a rashin yarda da ƙasashen Yamma. Da aka ce an zuba wa ɗigon maganin hana haihuwa, zargin ba gaskiya ba ne, amma ya tarar da zukata a shirye.

Dakta Bilkisu: Akwai kuma tambayar da iyaye mata ke yi a bakin zaure. Ɗana na zazzaɓi, na je asibiti an rubuto mini magani in saya, ƙyanda na kashe yara a unguwa, amma ciwon da ban cika gani ba shi ake biyo ni gida da maganinsa kyauta, sau da yawa a shekara? Ruwa ba ya tsami banza, in ji su.

Hadiza: To me ya juya lamarin?

Malam Sani: A nan bayanin Max Weber, masanin zamantakewa ɗan Jamus, yake aiki. Ya ce mutane na biyayya ne saboda ɗaya daga abu uku: doka da ofis, ko gado da sarauta, ko kwarjinin wani mutum. Shirin rigakafin ya taho da na farko kaɗai, wato takarda daga Abuja da Janiba, mazaunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Da aka tashi gyara, sai aka sayo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. A Oktoban 2004 Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar Gwamna Shekarau a bainar jama'a. A 2009 kuma aka kafa kwamitin sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, umarni ya riƙa saukowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa.

Hadiza: Alƙaluma sun nuna bambanci?

Malam Sani: Sosai. A 2006 yara 1,122 cutar ta kama a Najeriya. A 2009 sun koma 388, a 2010 kuma 21.

Dakta Bilkisu: Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Umarnin sarki yana buɗe ƙofar gida, amma ba ya buɗe bakin yaro. Ga yadda aikin yake: ayari ya shiga gida, a ɗiga wa duk yaron da bai kai shekara 5 ba ɗigo 2, a shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, a yi rubutu da alli a jikin bango. Gidan da aka ƙi, a rubuta shi, a dawo da mai unguwa. To inda ake samun matsala, maigida yana jin nauyin mai unguwa, sai a ɓoye jariri a uwar ɗaka a ce an kai shi ƙauye. Wani lokaci ma a daidaita da mai ɗigon, a shafa tawadar ba tare da an ɗiga komai ba. A takarda unguwa ta karɓa, a jikin yara babu kariya.

Hadiza: Kenan turjiyar ba ta mutu ba, ɓuya ta yi.

Dakta Bilkisu: Ita ce ma ta fi wuyar magani, don ba ta fitowa a rahoto. Abin da ya rage ta shi ne amsa waccan tambayar ta bakin zaure. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da sabulu, da maganin tsutsar ciki, da sinadarin bitamin A. Daga baya aka kafa sansanonin duba marasa lafiya, uwa ta kawo mai zazzaɓi a ba shi magani, a ɗiga masa a nan. Aka kuma ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su wurin suna da biki, su ne masu shiga ɗaki-ɗaki. Har masu lalurar shan inna suka shiga yekuwa a kan kekunansu.

Malam Sani: Kada kuma a ɗauka hanyar miƙaƙƙiya ce. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Ƙwayar shan inna ta asali ta sake ɓulla a Borno a 2016, a yankunan da rikici ya hana shiga, sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

Hadiza: Dakta, mai sa ido ya zai gane tawadar ƙarya?

Dakta Bilkisu: Ba ya tsayawa a yatsa. Yana ƙirga kwalaben da ayari ya ƙarar, ya kwatanta da yawan yaran da aka rubuta. Kuma akan ɗebi ruwan kwata a kai ɗakin gwaji. Idan ƙwayar cutar ta bayyana a magudanar unguwar da takarda ta ce an gama da ita, sai a sake zagaye, a canza ayarin.