Yini Huɗu a Ƙafa Cikin Ruwa da Sanyi: Me Zai Shiga Jaka, Ina Zai Zauna

Ga jaka, ga sikeli, ga kaya an baje a ƙasa. Tafiyar yini huɗu ce a ƙafa, kwana uku a waje. Masu hasashen yanayi sun ce ruwa kusan kullum, sanyi kuma tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyos. Kafin ka ɗauki ko da safa guda, akwai maganar da za ka haɗiye tun daga gida: za ka jiƙe. Komai kyawun rigar ruwanka, in ka yi awa shida kana hawan tudu ana tsuga ruwa, wanda bai shigo ta wuya da bakin hannu ba, gumi zai kawo maka shi daga ciki. Don haka kayan nan gida biyu za mu raba su: waɗanda aka yarda su jiƙe, da waɗanda ko ɗigo ba a yarda ya taɓa su ba.

Dalilin shi ne ruwa na janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari, kuma ba sai ƙanƙara ta zuba ba. Digiri 5 da yayyafi da iska sun isa su kayar da ƙato. Ka kuma tuna cewa duk mita 1,000 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi. Hasashen da aka yi wa gindin dutse, ka rage masa kafin ka yi aiki da shi a sama.

Mu fara da sikeli. Kada ka kimanta da hannu, hannu maƙaryaci ne. Ɗora kowane abu a kan ƙaramin sikelin kicin, ka rubuta nauyinsa da giram. Nauyin jaka ba tare da abinci da ruwa da gas ba, shi ne abin da ake fara lissafawa. A irin wannan yanayi, kilo 6 zuwa 8 ya yi daidai. Akwai masu saukar da shi ƙasa da kilo 4 da rabi, amma wannan aikin wanda ya ga jiya ya ga yau ne, kuma a cikin ruwa da sanyi yawanci da ɗumin dare ake biyan kuɗin wannan sauƙin. In an haɗa komai, kada jakar ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Mai kilo 70, iyakarsa kilo 14, in ya tsaya a 11 ko 12 gwiwoyinsa za su gode masa.

Abu huɗu ne ke cinye nauyin: jakar kanta, tanti, jakar barci da shimfiɗa. Jaka mai cin lita 45 zuwa 55, mai nauyin kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, da ɗamarar ƙugu mai kauri, ta wadatar. Babbar jaka kiran kaya take yi, duk ramin da ka gani sai ka nemo abin cusawa.

Yanzu duba cikinta. Wannan baƙar leda mai kauri da aka shimfiɗa a ciki ita ce iyakar da ta raba gidajen nan biyu. Ledar shara ce mai ƙarfi, nauyinta bai kai giram 100 ba. Marfin ruwan da ake lulluɓa wa jaka daga waje ba ya tsare bayan jakar. Ruwa na gangarowa ta wuyanka, ya bi tsakanin bayanka da jakar, ya shiga ta layin ɗinki, ya taru a gindi, daidai inda jakar barci take kwance. In iska ta taso ma, sai ta yi gaba da marfin. Leda kuwa, ka zuba busassun kaya, ka matse iskar, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa shi ƙasa, shi ke nan. Kafin tafiya hura mata iska ka danna, ka ji ko tana tsiyaya.

Me zai shiga ledar? Jakar barci, rigar ciki da dogon wando na barci, safa ɗaya mai kauri, rigar ɗumi ta zaman sansani da lokacin hutu (ita a tata 'yar ledar dabam), da hular barci. Waɗannan ba a tafiya da su a jiki. A nan ne mutane suka fi faɗuwa. Gari ya waye, kana cikin ɗumi, ga rigar jiya can a kusurwa sharkaf, sanyi kamar an ciro ta daga firji. Zuciya za ta ce ka tafi da busasshiyar da ke jikinka. Kada ka saurare ta. Cire busasshiyar ka mayar leda, ka cije ka sa jiƙaƙƙiyar. Minti goma na tafiya jikinka zai ɗumama ta. In ka jiƙa ta barcin, daren nan ba ka da abin komawa, gobe ma haka.

Kayan tafiya kuwa hawa uku ne. Wadda ke manne da fata, ta ulun tumakin merino ko ta folista, wato zaren roba. Ulu ya fi jinkirin yin wari, kuma yana riƙe ɗumi ko da danshi; folista ta fi saurin bushewa. Auduga ko kusa, har da ɗan kamfai da safa, domin tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a fata tana zuƙe ɗumi. A kai sai rigar filis (yadin roba mai laushi kamar bargo) mara kauri, giram 200 zuwa 300, wadda ko ta jiƙe in ka matse ta za ta ci gaba da aiki. Daga waje rigar ruwa da wandon ruwa. Duba lambar da ke jikin takardar rigar, wadda ke nuna tsayin ruwan da yadin zai iya jurewa kafin ya yi yoyo: milimita 10,000 ne mafi ƙaranci, 20,000 ya fi dacewa da ruwan da ke yini yana zuba, musamman a kafaɗa inda igiyar jaka ke danna yadin. Juya rigar ka ga ko an liƙe kowane layin ɗinki da tef. In tana da zif a hammata, ka samu, domin ta nan tururin jiki ke fita. Wani abu kuma: in ka ga ruwa ya daina tsayawa ƙwaya-ƙwaya a kan yadin, yana shimfiɗewa yana duhunta shi, maganin da aka shafa masa ya ƙare. Rigar ba lalle ta yi yoyo ba, amma ta daina numfashi, gumi zai taru a ciki. Wanke ta da sabulun da aka yi don irinta, a sake fesa maganin kafin tafiya.

Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi. Wanda ya bar sansani jikinsa ɗumi-ɗumi, kafin rabin awa ya yi gumi. In an tsaya hutu, ɗora rigar ɗumi nan take, kafin jiki ya huce, kuma kada hutun ya wuce minti goma.

Hannu shi ke fara daina aiki. Safar hannu ta filis, da wata ta ruwa mai aljihu ɗaya da ake zura wa a kai, tare ba su kai giram 150 ba. Yatsun da suka sandare ba sa iya jan zif, ba sa iya kyasta laita, ba sa iya kafa tanti.

Mu koma jakar barci. Iri biyu ce: mai laushin gashin agwagwa, da mai zaren roba. Ta gashi ta fi sauƙi, ta fi matsuwa, giram 800 zuwa kilo ɗaya za ta kai ka digiri sifili. Aibinta, in ta jiƙe gashin ya dunƙule, ɗumin ya tafi, kuma ba za ta bushe a hanya ba. Ta roba ta fi nauyi da cin wuri, amma tana jure danshi. Don kwana uku da leda mai kyau, ta gashi ta yi. In kwanakin sun kai mako ba rana, danshin jiki da raɓa za su riƙa taruwa a ciki dare bayan dare, a nan ta roba ta fi amana. A jikinta za ka ga lambobi uku bisa ma'aunin duniya na gwada ɗumin jakar barci, wato ISO 23537. Ta farko ita ce sanyin da za a yi barci cikin daɗi, ta biyu iyakar da mai jure sanyi zai kai a dunƙule, ta uku ta tsira da rai ce kawai. Yi aiki da ta farko, ka bar ratar digiri 3 zuwa 5 ƙasa da hasashe. Kada ka cusa fuska ciki kana numfashi, jiƙa ta kake yi da bakinka.

Jakar barci ba ta ɗumama abin da ke ƙarƙashinka, saboda nauyinka ya danne ta. Wannan aikin shimfiɗa ne. Ana auna ta da lambar R, mai nuna ƙarfinta na hana ɗumin jiki tserewa cikin ƙasa, kuma a sanyin da ke kusa da sifili ka nemi 3 da rabi zuwa 4. Lambobin suna haɗuwa: ta soso mai R 2 a ƙarƙashin ta hurawa mai R 2, ka samu 4, kuma in ƙaya ta huda ta hurawar ba za ka kwana a ƙasa tsirara ba. Ka ɗauki facin gyara, giram goma ne.

Tanti mai rufi biyu, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yadin rufin ya kai aƙalla milimita 1,500, na ƙasa 3,000 ko fiye, tunda gwiwa na danna shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Fi son wanda ake fara kafa rufin waje, don cikin ya zauna a bushe kana aiki. Ruwan da kan ɗigo wa mutum da asuba, sau da yawa numfashinsa ne ya hau rufi mai sanyi ya zama raɓa. Bar kafofin iska a buɗe ko ana sanyi, ka guji kwari da bakin rafi, can sanyi da danshi ke kwanciya da dare. Ɗan tsumma mai shan ruwa na goge rufi da safe yana rage nauyin da za ka ɗauka, domin jiƙaƙƙen tanti na iya ƙara rabin kilo.

Ƙafa. Safa uku: biyu na tafiya ana musanya su, ɗaya ta barci a leda. Takalmin da aka ce ruwa ba ya shigarsa, in ruwan ya shiga ta sama, fitarsa ma wuya, zai iya kwana biyu bai bushe ba. Ƙafar da ta yini a jiƙe takan yi fari ta yamutse, fatar ta yi laushi, bororo ya fito. In aka bar ta haka dare da rana cikin sanyi, jijiyoyi kan lalace. Kowane dare cire safa, goge ƙafar, bar ta ta sha iska, shafa mata mai mai kauri, sannan busasshiyar safa. Da ka ji wuri ya fara zafi a diddige, tsaya ka manna filasta tun bai kumbura ba.

Risho ƙarami na gas da tukunya mai cin mililita 750 sun isa mutum ɗaya. Karanta irin gas ɗin da ke cikin gwangwanin: butan, aisobutan ko furofen. Butan zalla yana daina zama iska a wajen digiri sifili, sai ka ga wuta tana lumshewa alhali gas na nan. Aisobutan na kaiwa kusan 12 ƙasa da sifili, furofen 42 ƙasa da sifili, don haka nemi haɗin waɗannan biyun. Sa gwangwanin cikin riga na ɗan lokaci kafin girki. Na giram 100 kan tafasa kusan lita 10 in ba iska, iska kuwa tana iya cinye rabi. Laita biyu, kowace a wuri dabam. Kada ka yi girki a cikin rufaffen tanti: kabon monoksaid, iskar guba da wuta ke fitarwa, ba shi da wari ba shi da launi, kuma yadin tanti narkewa yake yi.

Abinci giram 700 zuwa 900 a yini, busasshe. Giram ɗaya na mai na ba da kalori 9, sitaci da furotin 4 kacal, saboda haka mai, cuku, cakulan da 'ya'yan itatuwa masu mai sun fi biyan nauyinsu. Na rana ya zama wanda za a ci a tsaye daga aljihu. Na dare a ci shi da zafi dab da kwanciya, shi ne itacen da jiki zai ƙona har asuba. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, kuma inda rafuka ke gudu ba dalilin ɗaukar fiye da lita ɗaya. Matatar ruwa mai siraran zaruruwa, in ruwan cikinta ya daskare, takan tsage ta ciki ba tare da ka gani ba, don haka ƙulle ta a leda ka kwana da ita. Ƙwayar tsabtace ruwa kuma jinkiri take yi a ruwan sanyi, ƙara mata lokaci.

Waya da fawa banki da fitilar goshi, sanyi na zuƙe musu caji, su zauna a aljihun ciki. Jiƙaƙƙen gilashin waya ba ya jin yatsa, saboda haka taswirar takarda a leda, da kamfas, da usur, ba sa cikin abin da ake ragewa. Haka ƙaramin kunshin magani da bargon gaggawa mai ƙyalli.

Ga yadda ake jerawa. Jakar barci da kayan barci a gindi, cikin leda, a murɗe baki. Abinci da risho a tsakiya, manne da bayanka, don nauyin kada ya ja ka baya. Jiƙaƙƙen tanti a wajen ledar, sama ko a aljihun raga, yadda za ka ciro shi ba ka buɗe busassun kaya a ruwa ba. Rigar ɗumi a tata 'yar ledar can sama. Ɗaure ɗamarar ƙugu tukuna, ƙugu ne zai ɗauki mafi yawan nauyin, sannan ka ja igiyoyin kafaɗa.

A hanya ka riƙa lura da abokin tafiya, domin wanda sanyi ya kama ba ya gane kansa. Karkarwa, tuntuɓe, magana tana harɗewa, zif ya gagare shi, ko ya yi shiru ba gaira ba dalili. In ka ga haka a tsaya nan take, a kafa tanti, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a buɗe ledar nan a sa masa busassu, a kwantar da shi kan shimfiɗa cikin jakar barci. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari, ban da giya. In karkarwar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, ko hankalinsa ya fara gushewa, a motsa shi a hankali, kada a murza masa hannu ko ƙafa, a kira masu ceto.