Daga Andechs: yadda Carl Orff ya tsara koya wa yara kiɗa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga ni a kan tudun Andechs, kudu maso yammacin Munich a Jamus. Cikin cocin nan da ke bayana aka binne Carl Orff, mai tsara kiɗa, haifaffen Munich a 1895, wanda ya rasu a 1982. An fi saninsa da waƙarsa Carmina Burana ta 1937, amma ni koyarwarsa ce ta kawo ni.

A 1924 shi da wata malamar rawa, Dorothee Günther, suka buɗe makarantar rawa da kiɗa a Munich. Can tsarinsa na koyar da kiɗa, wato Schulwerk, ya samo asali, daga baya shi da abokiyar aikinsa Gunild Keetman suka zuba shi cikin littattafai biyar tsakanin 1950 da 1954.

Ba a fara miƙa wa yaro takarda. Da baki ake farawa: sunayen yara, kacici-kacici, waƙar wasa. Sai a sauke wannan kari a jiki, da tafi, da bugun cinya, da buga ƙafa. Sai ya zauna daram kafin a taɓa kayan kiɗa. Waƙar farko ma sauti biyu ce kacal, waɗanda a rubutun kiɗa ake kira G da E, kamar uwa na kiran ɗanta daga nesa.

To, ga inda dabarar take. Makiɗin katakon da yaran ke bugawa, wanda zai tuna wa mutanen Filato da kundung na Berom, ana iya zare sandunansa. Malami ya cire F da B (Jamusawa H suke ce wa B), ya bar C, D, E, G, A. A cikin biyar ɗin nan duk abin da yaro ya buga ba ya karo da na ɗan'uwansa, shi ya sa yake ƙirƙira ba tsoro. Wasu yaran kuma su riƙe C da G tare, su ne gindin kiɗan.

Kuskure biyu na yawan faruwa. Yaro ya danne abin bugu a kan katako, sauti ya mutu. A tsakiya ake bugawa, a bar shi ya yi tsalle ya dawo. Na biyu, a fizge sanda ta gefe ɗaya, turken da ke riƙe ta ya lanƙwashe. Da hannu biyu ake ɗaga ta, kai tsaye sama.

Bari mu shiga ciki in nuna muku kabarin. Zan rage murya, akwai masu ibada.