Wasan ƙasa ya koma kwamfuta: yadda ruwa ke nemo hanyarsa

Ku dubi tsibirin nan da ke gabanku a allon kwamfuta, cikin wasan da nake bugawa. Yashi ne zalla, sai wani ɗan idon ruwa can saman tudu. Bari in kamfaci yashi daga wannan gefen in zuba a wancan. Kun gani? Ko taɓa ruwan ban yi ba, amma ya bar tsohuwar hanyarsa, ya gangaro ta inda na rarake, ga shi har ya fara kwanciya a kwari.

Sunan wasan From Dust. Kamfanin Ubisoft ne ya fitar da shi a 2011, wanda ya tsara shi kuwa wani Bafaranshe ne, Éric Chahi, mai tsananin sha'awar duwatsu masu aman wuta, har takakkiya yakan yi ya je kallonsu. Abu uku ake ba mutum ya ɗiba: yashi, ruwa, da narkakken dutse, wanda in ya huce yake daskarewa ya zama katanga.

To wa ya gaya wa ruwan inda zai bi? Babu kowa. A yawancin irin waɗannan wasanni, kwamfuta tana yanka filin gida-gida, kamar guraben dara. Kowane gida yana riƙe da lissafi biyu: tudun ƙasarsa, da zurfin ruwan da ke kansa. Sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, kowane gida zai leƙa maƙwabtansa. In saman ruwansa ya fi nasu tudu, ya miƙa musu ruwa. In sun fi shi, ya karɓa. Shi ke nan dokar. Amma da gidaje dubbai suka bi ta lokaci guda, sai ga rafi, ga tafki, ga ambaliya, ba tare da wani ya zana su ba.

From Dust ya ƙara wani abu da ya fi burge ni. Ruwa mai gudu yana kwasar yashi, in ya lafa sai ya sauke. Ku lura da bakin rafin nan: yana zaizayar gaɓar da ya fi buga, yana jibge yashin a ƙasa, har ya toshe wa kansa hanya ya rabu biyu. Duk wanda ya taɓa tare ruwan sama da ƙasa a ƙofar gida yana yaro, ko ya ga mai lambu yana fasa fangali da fartanya don ruwa ya shiga na gaba, ya san wannan kallon.

Ba kowane wasa ke zurfafa lissafin haka ba. A Minecraft, wasan da komai nasa bulo-bulo ne, in ka zuba bokitin ruwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, bulo bakwai yake tafiya ya tsaya, kuma tushensa ba ya ƙafewa. A Timberborn, na kamfanin Mechanistry da ke Poland, ruwan yana da iyaka: fari yana zuwa, in ba ka datse rafi ka tara ba, gona ta bushe. Terra Nil kuma, wanda Free Lives na Afirka ta Kudu suka fitar a 2023, da matacciyar ƙasa ake farawa. Ka cika busassun koramu, ciyawa ta fito, dabbobi su dawo, daga nan ka kwashe injinanka kaf ka tafi.

Gaskiya dai, From Dust ba kullum yake kwantar da hankali ba. Akwai ƙauyawa da kake tsaro, akwai igiyar tsunami mai zuwa da ƙidayar lokaci, kuma in ka yi sakaci sai ka ga bukkoki suna iyo. Ni na fi jin daɗinsa bayan igiyar ta wuce, babu mai kora ta, sai ƙarar ruwa kawai.

Kamar yanzu. Ga madatsar da na gina ɗazu da yashi, don ƙyuyar ɗebo dutse. Ruwa ya cika ta maƙil. Ku sa ido a kusurwar hagu, inda ta fi gajarta. Ga shi nan ya fara tsiyaya. Ba zan gyara ba, mu ga inda zai nufa.