Carles Puyol: Ɗan Bayan da Ya Riƙe Barcelona Shekara 15

A daren 7 ga Yulin 2010, a birnin Durban na Afirka ta Kudu, Sifaniya ta kara da Jamus a wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Cin Kofin Duniya. An kai minti na 73 babu wanda ya ga ragar wani. Sai Sifaniya ta samu bugun kusurwa, Xavi ya ɗago ƙwallon zuwa gaban ragar Jamus, wani mutum mai dogon gashi ya sheƙo da gudu daga baya, ya tashi sama da kowa, har da abokin wasansa Gerard Piqué wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya narka ta da ka cikin raga. Tawagar da duniya ta sani da gajerun ba-ni-in-ba-ka ta kai wasan ƙarshe a karon farko a tarihinta da ƙwallon mai tsaron baya. Sunansa Carles Puyol.

An haife shi ranar 13 ga Afrilun 1978 a La Pobla de Segur, wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Pyrenees, a yankin Kataloniya. A ƙungiyar garinsu mai tsaron gida ne da farko, sai ciwon kafaɗa ya fitar da shi daga raga, ya koma ɗan gaba. Bai shiga La Masia, makarantar horar da matasa ta Barcelona, ba sai a 1995, yana da shekara 17, lokacin da sa'o'insa suka riga suka yi shekaru suna koyon salon gidan. A can aka gwada shi a tsakiya, daga bisani aka mayar da shi baya ta dama. Ba wanda ya ɗauke shi a matsayin mai baiwa ta musamman, kuma a 1998 ƙungiyar ta amince ta sallama shi ga Málaga. Shi ne ya ƙi tafiya, domin ya ga abokinsa Xavi ya samu shiga babbar tawaga, ya ce shi ma zai jira rabonsa. Rabon ya zo ranar 2 ga Oktoban 1999, lokacin da mai horarwa Louis van Gaal ya saka shi a wasan da suka ci Real Valladolid 2 da nema.

Shekara ta 2000 ce ta fito da shi. A gasar Olamfik ta Sydney yana cikin tawagar Sifaniya da ta kai wasan ƙarshe, inda Kamaru ta farke ƙwallo biyu aka tashi 2 da 2, sannan ta yi nasara a bugun fenareti. Puyol ya koma gida da lambar azurfa, kuma cikin waɗanda suka hana shi zinariya akwai wani matashi, Samuel Eto'o, wanda daga baya za su ɗaga kofuna tare. A watan Oktoba kuma Luís Figo, wanda ya bar Barcelona ya koma babbar abokiyar hamayyarta, ya dawo Camp Nou, filin Barcelona, a karon farko sanye da farar rigar Real Madrid, filin ya cika da ihu da tsinuwa, aka ɗora wa Puyol aiki guda ɗaya tak: duk inda Figo ya sa ƙafa, ya sa tasa. Ya manne masa tun daga farko har alƙalin wasa ya hura tashi, Barcelona ta ci 2 da nema, kuma daga ranar ba a sake maganar sayar da shi da araha ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne cewa shekarunsa biyar na farko shekarun fari ne. Daga 1999 har zuwa 2005 Barcelona ba ta ɗauki babban kofi ko ɗaya ba, masu horarwa suna zuwa suna tafiya, a kakar 2002 zuwa 2003 ma ta shida ta ƙare a La Liga. A cikin wannan ƙunci ne ya koma tsakiyar baya, kuma da Luis Enrique ya rataye takalminsa a 2004, aka miƙa masa kambun kyaftin. Shekara guda bayan haka, a ƙarƙashin Frank Rijkaard, ya ɗaga kofin La Liga, sannan a 2006 ya ɗaga na Zakarun Turai a Paris bayan sun doke Arsenal 2 da 1.

To mene ne ainihin aikinsa a ƙungiyar da ta tara su Ronaldinho da Xavi da Iniesta da Messi? Tsawonsa mita 1.78 ne kawai, wanda gajarta ce ga mai tsaron tsakiya, kuma bai kai Piqué ko Rafael Márquez iya rarraba ƙwallo ba. Sai dai ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo a gidan abokan hamayya takan bar fili fetal a bayanta, kuma haɗarinta shi ne sakaci na daƙiƙa biyu bayan minti goma na rashin aiki. Puyol shi ne maganin wannan sakacin. Yana karanta inda ƙwallo za ta faɗa kafin a buga ta, yana saka kansa a inda wasu ke janye ƙafa, bakinsa kuma ba ya hutawa. Piqué, wanda ya dawo daga Manchester United a 2008, ya sha bayyana cewa ko sun ba da tazara mai yawa ana dab da tashi, Puyol yana nan yana kiran sunansa kada ya saki jiki. A ganina wannan ne ya sa haɗin mutanen biyu ya yi kyau.

A 2008 ya lashe Kofin Nahiyar Turai da Sifaniya a ƙarƙashin Luis Aragonés. A 2009, shekarar Pep Guardiola ta farko a matsayin mai horar da Barcelona, ya ci ƙwallo da ka a Bernabéu daga ƙafar Xavi a wasan nan da suka ci Real Madrid 6 da 2, ya cire kambunsa mai launin tutar Kataloniya ya sumbace shi a gaban magoya bayan Madrid. A wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Roma, da yake an dakatar da Dani Alves, ya koma tsohon gurbinsa na dama, suka ci Manchester United 2 da nema, kuma kafin shekarar ta fita ya ɗaga kofi shida. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya da Holan a 2010, gaskiya ya tsallake rijiya da baya: yana ɗauke da katin gargaɗi ya riƙo Arjen Robben da ya kufce masa, kuma da Robben ya zube ƙasa maimakon ya ci gaba da gudu, da wuya Puyol ya ƙarasa wasan. Iniesta ya ci a minti na 116, Sifaniya ta ɗaga kofin.

Ranar 28 ga Mayun 2011 a Wembley, Barcelona ta sake doke Manchester United a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, wannan karon 3 da 1. Puyol, wanda ciwon gwiwa ya cinye masa rabin kakar, bai shigo ba sai a minti na 88. Éric Abidal kuwa, wanda aka yi wa tiyatar cire ƙari daga hanta a watan Maris, ya buga wasan gaba ɗaya. Da aka hau matakala domin karɓar kofi, Puyol ya ɗaura wa Abidal kambun kyaftin a damtse, ya tura shi gaba, shi kuma ya koma gefe yana tafi. Irin wannan halin ya sake bayyana a 2012, lokacin da ya katse rawar murnar Dani Alves da Thiago a filin Rayo Vallecano domin yana ganin cin fuska ne ga ƙungiyar da ake lallasawa, da kuma a 2013 a Bernabéu, inda wani ɗan kallo ya jefo abin kunna taba, Piqué ya ɗauka zai kai ƙara wurin alƙali, Puyol ya fisge ya wurgar, ya nuna masa ya koma bakin aiki.

Jikin da ya sha wannan wahala bai daɗe ba ya fara neman haƙƙinsa. Tiyatar gwiwa ta hana shi zuwa Kofin Nahiyar Turai na 2012, a watan Oktoban shekarar kuma gwiwar hannunsa ta goce a wasa da Benfica. Wasansa na 100 a tawagar Sifaniya, wanda suka buga da Uruguay a Doha a watan Fabrairun 2013, shi ne ya zama na ƙarshe. Ranar 4 ga Maris 2014 ya zauna gaban manema labarai ya ce zai bar Barcelona a ƙarshen kaka, duk da cewa kwantiraginsa bai ƙare ba, saboda gwiwar ta ƙi komawa yadda wasa a wannan mataki yake buƙata. Ya tafi da wasa 593, kofin La Liga shida da na Zakarun Turai uku, bai taɓa saka rigar wata ƙungiya ba a matsayin ƙwararre. Ƙungiyar ta ba shi muƙamin mataimakin daraktan wasanni Andoni Zubizarreta, kuma a watan Janairun 2015, a ranar da aka sallami Zubizarreta, shi ma ya ajiye aikin.