Rasit ɗin da ya ce "ba a mayarwa"

Jama'a, abu uku zan faɗa a kan gyaran dokar jiha ta kare haƙƙin masu sayen kaya. Na can baya, kuna ji na?

Na farko tarihi ne, a gurguje. Dokar soja mai lamba 66 ta 1992 ce ta kafa hukumar tarayya ta farko mai kare masu sayen kaya. A 2019 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, aka samu hukumar da ta gaje ta, wato FCCPC, wadda ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024. Kano ma da tata hukumar. To mu bar Meta, mu sauko kasuwa.

Kowa ya san rubutun nan na ƙasan rasit: kayan da aka saya ba a mayarwa. Na taɓa sayen fanka, ta yi kwana biyu tana juyi, ran na uku sai ƙauri. Na koma, yaron shago ya ɗora yatsa a kan rubutun, ko kallona bai yi ba. Alhali dokar tarayya ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, rubutun rasit ba ya soke ta. Ba ya soke ta, Alhaji, ko da jan biro ka rubuta! (dariya)

Amma ku tsaya, shi mai shagon ba shi ya ƙera fankar ba. Daga dila ya saro, dila daga mai shigo da kaya. In jiha ta ce ya biya ni, ba ta buɗe masa hanyar komawa kan dila ba, an bar jaki an daki taiki. Gobe sai ya ƙara kuɗin fanka, ni ne dai zan biya. Nan gyaran yake: a bi kaya har tushe. A bi shi har tushe.

Na uku... ko na biyu muke? Yau NAFDAC masu kula da abinci da magani, gobe SON masu duba ingancin kaya, jibi 'yan hukumar jiha, duk suna zuwa bincike a shago ɗaya. A raba musu aiki.

Na'am, Hajiya? Mudu mai bugaggen gindi? Wallahi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Sai dai tsarin mulkin 1999 ya sa awo da ma'auni a hannun tarayya, majalisar jiha ba za ta yanka wa mudu girma ita kaɗai ba. A miƙo mata lasifika, a wace kasuwa aka auna miki?