Reluwe a Cikin Gareji

Malama: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Kawu da Injiniya sun shigo suna hararar juna, kuma na ji an ce tun ranar Asabar abin ya samo asali, a unguwar Barnawa da ke Kaduna. Kawu, kai ne babba, bisimilla.

Kawu: To Malama, wani abokinmu ne ya gayyace mu gidansa. Mutumin nan ya fitar da motarsa tana kwana a rana, ya mayar da garejin tashar jirgin ƙasa. Teburin katako ne ya bi bango uku, an shimfiɗa ɗan siririn dogo a kai, ga gada, ga taragu, ga fitilar sigina tana ja tana kore. Ciyawar ma garin katako ne ya rina. Ni da na tsufa a aikin reluwe, sai da na gyara zaman tabarau.

Malama: Wato dai motar kara ce ta manya.

Injiniya: Haba Malama! Motar kara da ido muke aunawa muna yara. Wannan lissafi ne. Irin nasa HO ake ce masa, komai an rage shi sau 87, har mutum ya koma kamar santimita biyu. Tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 ne. Ki ninka shi sau 87, zai ba ki 1,435, faɗin layin da ya tashi daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja ke nan, wanda aka buɗe a 2016.

Kawu: A nan na kama shi. Cewa ya yi tsohuwar tashar Kaduna ya kwaikwaya, da jirgin gyaɗa yana saukowa daga Kano. To ai tsohon layinmu, wanda ya isa Kano a 1911, ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067. Dogo mai milimita 12 ya kamata ya nema. Na ce masa ka sa wa yaro takalmin babansa.

Malama: Kawu, ka ci tuwon mutum kana kushe miya?

Kawu: Dariya kawai ya yi. Ya ce Baba, wannan ma da ƙyar na tara, daga Jamus da Ingila ake odarsu, ga canji ya yi tsada. Na yi shiru.

Injiniya: Ni abin da ya burge ni, bai bar mu mun tsaya kallo ba. Mu shida ne, kowa ya ba shi aiki. Biyu direbobi, ɗaya mai haɗa taragu, ɗaya mai juya layi, ɗaya riƙe da jadawali, Kawu kuma shugaban tasha. Kowane tarago yana da ɗan kati da aka rubuta abin da ya ɗauko da inda za a sauke shi: wannan gyaɗa, wancan auduga, wancan shanu. Har agogo ya rataya mai gudu, minti goma namu awa guda ne a wurinsa.

Malama: Tsaya. Jirage biyu a dogo ɗaya, wutar ɗaya, yaya ɗaya zai tsaya ɗaya na tafiya?

Injiniya: Yauwa. A tsohon tsari ba ya yiwuwa sai an yanka layin gida-gida, don wutar dogon ake ƙarawa ko a rage, duk kan jirgin da ke kai sai ya amsa. Shi nasa sabon tsari ne, DCC ake ce masa. Wuta na kan dogo kullum, amma kowane kan jirgi da ɗan guntun na'ura a cikinsa mai lambarsa. Ki danna lamba uku a rimot, uku kaɗai zai motsa.

Kawu: Faɗa mata lambar da ka danna.

Injiniya: Kawu, ai an wuce wurin.

Kawu: Ba a wuce ba. Malama, inda layi ɗaya ne tsakanin tasha biyu, direba ba ya shiga sai an miƙa masa sandar izini. Sanda ɗaya ce, duk wanda ba ta hannunsa, ya jira. Maigidan ya san haka, ya ajiye fensir ja a matsayinta. Fensir na hannun direban jirgin gyaɗa, yaron nan ya saki jirgin fasinja. A kan gada suka yi kiciɓis. Tarago biyu suka faɗo kan siminti, ƙugiyar ɗaya ta karye.

Injiniya: Wallahi nawa ne ya maƙale. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan dogon, wuta ba ta kama tayoyin. Na ɗan tura shi da yatsa, sai ya zabura.

Kawu: Da yatsa! A ina ka taɓa ganin an tura jirgi da yatsa?

Malama: Ƙura har ta kai haka?

Injiniya: Sosai. Kafin a fara sai da muka bi dogon kaf da ƙyalle da sifirit, bayan awa guda ya sake yin fari. Shi ya sa yake rufe shi da zanin gado. Wuta kuwa inbata ya haɗa, don in aka ɗauke ana tsakiyar tafiya, jadawali ya rushe.

Malama: Na ga bidiyon wanda ke Hambug a Jamus, Miniatur Wunderland, da wasu tagwaye suka buɗe a 2001. Dogonsa ya haura kilomita goma sha biyar, har jiragen sama na tashi.

Kawu: Can kallo za ki yi ta bayan shinge, 'yata. A Barnawa rimot za a damƙa miki.

Malama: To ƙugiyar fa?

Injiniya: Na kai Panteka. Wani mai walda ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya dube ni, ya ce in tafi wurin masu gyaran agogo.

Malama: Asabar mai zuwa da ni za a je, Kawu.

Kawu: Ke za ki riƙe jan fensir. Shi kuma ƙyalle da sifirit.